Wasiƙa: A sa sojojin kwamfuta su yi wayo, a daina ba su damar maguɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon fili in yi magana a kan abin da ya shafi matasanmu Hausawa mazauna Saudiyya, daga Jidda da Makka har Madina da Riyad, musamman waɗanda suka wuce buga gem kawai suka fara taɓa cikinsa.

A watan Satumba na 2022 gwamnatin Saudiyya ta fitar da tsarinta na ƙasa kan wasannin bidiyo, inda ta ce tana neman guraben aiki 39,000 da riyal biliyan 50 a tattalin arzikinta kafin 2030, tare da wasanni sama da 30 da za a ƙera a cikin ƙasar. A 2024 aka yi gasar kofin duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad, kyautarta ta haura dala miliyan 60. Labarin da ake yawan kawowa na masu bugawa ne, alhali aikin da zai daɗe yana hannun masu ƙerawa. A cikin ƙirar kuwa babu inda sabon hannu ya fi tuntuɓe kamar wajen abokan gabar da kwamfuta ke sarrafawa a wasan dabarun yaƙi. Koken iri biyu ne, duk mai zama a istiraha, wato gidan shaƙatawa da matasa ke haɗuwa, daren Juma'a ya san su. Ko dai sojan kwamfuta ya tsaya ƙiƙam a fili har a harbe shi, ko kuma ya hango ka daga mita 400 cikin duhu ya sa maka harsashi a goshi kafin ka san yana wurin.

Da zarar an ce wa mai haɗa wasa sojojinsa sun yi laushi, hannunsa wuri uku yake zuwa: ya ƙara musu jini, ya ƙara musu saiti, ya buɗe musu ido su ga taswira gaba ɗaya. Manyan kamfanoni ma suna yi. StarCraft II yana da matakai uku da shi kansa ya kira na maguɗi, a ciki akwai wanda ke ganin duk taswira da wanda ake ƙara wa ma'adinai. A jerin wasannin Total War, idan ka ɗaga wahalar fagen fama, akan ƙara wa rundunar kwamfuta ƙarfin sara da ƙarfin zuciya. Hanyar tana da arha, minti biyar an gama. Sai dai daidai take da ka zauna dara da wanda ke ɗauke maka 'ya'ya duk lokacin da ka waiwaya. Zai cinye ka, amma ba abin da ka koya, kuma gobe ba za ka sake zama da shi ba.

Don adalci, akwai abin da ya kamata a ambata. A 2002 ma'aikatan kamfanin Bungie biyu, Chris Butcher da Jaime Griesemer, sun bayyana a taron masu ƙera wasanni cewa lokacin gwajin wasansu Halo, da aka ƙara wa abokan gaba juriya, masu gwaji sun riƙa cewa sun fi wayo. Dalilin a fili yake, sojan da ya mutu cikin sakan 2 bai samu lokacin nuna abin da ya iya ba. Amma a wasan da harsashi ɗaya ko biyu ke kashe mutum, tsawon ran soja dole ya fito daga mafaka da motsi da taimakon 'yan'uwansa. Idan ka ba shi jinin mutum uku, ka rushe dokar da ɗan wasa ya gina dabararsa a kai.

Zan fara da Arma 3, wanda kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek ya fitar a 2013, domin shi ne wurin koyo mafi sauƙi: yana ɗauke da editansa na haɗa fagen fama, kuma gwanintar kowane soja a rarrabe take, kowane reshe daga 0 zuwa 1, ana sa shi da umarnin setSkill. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ja sandar gwaninta gaba ɗaya zuwa 1. Yin haka yana ɗaga saiti da gani da hankali a lokaci guda, sakamakon shi ne maharbin da ba ya kuskure. Abin da nake ba da shawara shi ne a raba hannu da kai. Na hannu a sauke su: aimingAccuracy (daidaiton saiti) tsakanin 0.15 da 0.25, aimingShake (tsayuwar hannu) wajen 0.2 zuwa 0.3, aimingSpeed (saurin saitawa) wajen 0.4. Na kai a ɗaga su: commanding (jagoranci) da general (gwaninta ta gaba ɗaya) 0.8 zuwa 1, courage (ƙarfin zuciya) 0.6 zuwa 0.8, spotTime da spotDistance (saurin hango da nisansa) wajen 0.5 zuwa 0.6 da rana, a rage su sosai da dare ga sojan da ba shi da tabarau mai gani a duhu. A kula da aimingShake, domin yana ruɗa mutane da yawa: ƙara lambar yana rage rawar hannu ne. Wanda ya sa 1 yana zaton ya sa hannun soja karkarwa, ya mayar da shi dutse ne. A kuma tuna cewa matakin wahala na wasan ko na saba, wato kwamfutar da ke riƙe da wasan idan ana bugawa tare, yana sake gyara waɗannan lambobin, don haka 0.2 a kwamfutarka zai iya zama wani abu daban a sabar abokinka. Sannan gyare-gyaren da 'yan wasa suka rubuta, irin su LAMBS Danger da Vcom AI da ASR AI3, a zaɓi ɗaya ya riƙe motsin sojoji. Idan biyu suna ba soja umarni a lokaci guda, za ka gan shi ya yi gaba taku uku ya dawo baya, ko ya kwanta ya ƙi tashi.

Wanda kuma yake rubuta nasa wasan a manhajojin ƙera wasa irin su Godot ko Unity ko Unreal, aikinsa daga ido da kunne zai fara, kuma nan ne nake son in daɗe, domin rabin rashin adalcin daga nan yake fitowa.

Soja yana buƙatar kusurwar gani, misali digiri 120 a gabansa, da ƙaramar kusurwa ta digiri 40 a tsakiya inda ya fi saurin ganewa. Daga idonsa a ja layi uku zuwa jikin ɗan wasa, kai da ƙirji da gwiwa, a ga nawa suka isa ba tare da sun ci karo da wani abu ba. Kada ganin ya zama na ee ko a'a. A yi ma'aunin zargi daga 0 zuwa 100 wanda ke cika a hankali: mai gudu a fili da rana a mita 50 ya cika shi cikin rabin sakan, mai rarrafe a inuwa a mita 200 ya ɗauki sakan 6 zuwa 8. Idan ya kai 40, soja ya juyo ya duba. Idan ya kai 100, ya tabbatar. Wannan juyowar ta tsakiya tana da muhimmanci ƙwarai, ita ce ke ba ɗan wasa damar ya gane an kusa ganinsa. Ga kuma wani tarko: ciyawa da ganye da hayaƙin da ake zana a allo galibi ado ne kawai, layin ganin kwamfuta yana ratsa su kamar babu su. Ɗan wasa yana kwance cikin ciyawa ba ya ganin komai, soja kuwa yana kallonsa tarwai. Maganin shi ne a sa wa waɗannan wurare akwatin da ba a gani wanda ke rage saurin cikar ma'aunin da rabi ko kashi biyu cikin uku, hayaƙi kuma ya tare layin gaba ɗaya na tsawon sakan ɗin da yake tashi.

Sai ƙwaƙwalwa. Kuskure mafi muni a nan layi ɗaya ne a cikin rubutun manhaja. Mai rubutu ya ajiye wa soja hanyar isa ga ɗan wasan kansa, maimakon ya ajiye kwafin wurin da aka gan shi na ƙarshe da lokacin da aka gan shi. Daga nan soja ya san inda kake har abada, bakin bindigarsa yana bin ka ta bayan bango, kana leƙowa ya harbe ka. Abin da ya dace shi ne a kwafe wurin, a kwafe inda ka fuskanta, a daina sabuntawa da zarar layin gani ya yanke. Sannan a zana da'irar shakka da ke faɗaɗa da saurin gudun mutum. Idan gudu mita 5 ne a sakan, bayan sakan 10 kana iya kasancewa ko'ina cikin mita 50. Soja ya nemi mafakun da ke cikin da'irar, ya fara da waɗanda ke bangaren da ka nufa. Bayan sakan 45 zuwa 60 ba labari, ya koma sintiri amma a shirye, kada ya koma yana tafiya kamar ba a taɓa harbi ba. Labari tsakanin sojoji ma ya ɗauki lokaci: sakan 1 zuwa 2 ga na kusa da ke jin ihu, sakan 4 zuwa 6 ga wani rukuni ta rediyo, kuma da kuskuren mita 10 zuwa 20 a wurin da aka faɗa. Idan ɗan wasa ya kashe wanda ya gan shi kafin ya buɗe baki, labarin ya mutu tare da shi. Wannan doka ɗaya tana haifar da dabaru da yawa.

Saiti lissafi ne mai sauƙi. Kuskuren digiri 1 a nisan mita 100 yana kai harsashi kusan mita 1.75 gefe, faɗin jikin mutum kuwa wajen rabin mita ne. To, idan soja ya fara ganinka, ya jira sakan 0.4 zuwa 0.8 kafin ya ja kunama, tun da ɗan Adam ma yana ɗaukar kusan kwatan sakan kafin ya motsa yatsa, ban da ɗaga bindiga. Ya fara da kuskuren digiri 3, wato harsasai suna faɗuwa har mita 5 daga gare ka a mita 100. Muddin kana wuri ɗaya, kuskuren ya riƙa raguwa zuwa rabin digiri cikin sakan 3 zuwa 4. Idan ka ɓace ka ɓullo a wani wuri mai nisan mita 5 ko fiye, ya koma farko. Idan ka sake leƙowa ta tagar da ka leƙo ɗazu, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ka ga ke nan harsashin farko gargaɗi ne, na biyar hukunci, kuma ɗan wasan da ya mutu ya san laifinsa.

Inda soja zai tsaya shi ne abin da ido ya fi gani. Masu ƙera Killzone a kamfanin Guerrilla na Amsterdam sun yi bayanin hanyarsu a 2005, kuma har yau ita ce ginshiƙi: a tattaro wuraren da ke kusa, a ba kowanne maki, a ɗauki mafi yawa. A aikace, ka ɗauki wurare 15 zuwa 20 cikin mita 25. Cikakkiyar kariya daga inda ake zaton abokin gaba yake ta ci maki 40, samun layin harbi 25, kusurwar da ta bambanta da ta sauran 'yan rukuni 20. A cire maki 1 kan kowace mita da za a bi a fili, a cire 30 idan wurin bai kai mita 3 daga wani soja ba, saboda gurneti ɗaya kada ya kwashe biyu. Mu ɗauka soja yana bayan buhunan yashi da suka ci maki 55. Ga katanga a mita 6: kariya 40, layin harbi 25, kusurwa babu, a cire 6, ta tashi 59. Ga ƙonanniyar mota a mita 18: kariyarta 30 kawai, layin harbi 25, kusurwa 20, kuma mita 8 kaɗai ne a fili domin gini ya rufe sauran, ta tashi 67. Yanzu ga dokar da sababbin hannu ke mantawa: kada soja ya tashi sai sabon wurin ya fi na yanzu da kashi 20 cikin 100. Ke nan sai abin da ya haura 66. Katanga ta faɗi, mota ta tsallake. Ba tare da wannan doka ba, maki na canjawa da kowane motsin ɗan wasa, sai soja ya yi ta safa da marwa tsakanin wurare biyu har a kashe shi a tsakiya. Kuma duk wanda ya zaɓi wuri ya sa masa alamar an kama, in ba haka ba sojoji huɗu za su ruga bango ɗaya su cunkushe a bakin ƙofa.

Duk wannan soja ɗaya ne. Wahalar gaske tana zuwa ne idan rukuni ya yi aiki tare, kuma dabarar da ta fi kowace tasiri tsohuwa ce: wasu su danne ka da wuta, wasu su zagayo ta gefe. Bari in nuna yadda ya kamata ta gudana. Rukunin mutum 8 yana sintiri, ɗan wasa yana bayan katangar wani gida a mita 80, ya harbi ɗaya ya faɗi. Cikin sakan na farko sauran bakwai sun watse zuwa mafaka, wanda ya ga walƙiyar bindiga ya yi ihun bangaren. A sakan na 3 labari ya isa wurin saje. A na 4 ya raba su: shi da mutum uku, har da mai bindiga mai jigida, su riƙa zuba wa gefen katangar harsasai 5 zuwa 7 a jere, su ɗan tsaya sakan 1 zuwa 2, su sake. Ba sa ganin ɗan wasa, wurin da ya leƙo suke harbi, ƙura da ɓarɓashin bulo suna zubo masa. Sauran ukun su bi hagu, suna gudu mita 10 zuwa 15 daga mafaka zuwa mafaka, kuma ba sa tashi sai bindigar tana magana. Wajen sakan na 30 zuwa 35 sun ɓullo a kusurwar digiri 60 zuwa 90 daga inda ake harbin, inda katangar ba ta da amfani. Idan ɗan wasa bai motsa ba har sakan 12 kuma sun matso cikin mita 30, sai gurneti, tare da ihun gargaɗi sakan ɗaya da rabi kafin a jefa.

Abu biyu ke sa wannan ya yi aiki. Na farko shi ne neman hanya. Lissafin A* da Hart da Nilsson da Raphael suka wallafa a 1968 yana nemo hanya mafi arha, kuma idan nisa kaɗai ka ba shi a matsayin farashi, zai bi da masu zagayen ta tsakiyar fili. Ka ninka farashin duk mitar da ɗan wasa ke iya gani sau 5. Hanyar fili mai mita 40 ta zama 200, hanyar bayan gine-gine mai mita 120 ta fi ta arha, sai su bi can da kansu. Na biyu shi ne sokewa. Idan biyu cikin masu zagayen suka faɗi, ko sakan 45 ya wuce ba su isa ba, saje ya janye shirin ya sake wani. Shirin da ba shi da wa'adi shi ne ke barin mutum huɗu suna harbin bangon da ɗan wasa ya bari tun tuni. A kuma ƙayyade masu neman kashewa a lokaci guda. Tun a 1998 Half-Life yake barin sojoji biyu kawai su yi harbi a lokaci ɗaya, sauran suna canja wuri ko jefa gurneti, kuma abin da mutane suka gani shi ne runduna mai motsi.

Sannan murya. F.E.A.R. na 2005 har yau ana yabon sojojinsa, kuma Jeff Orkin da ya rubuta ƙwaƙwalwarsu ya faɗa a 2006 cewa babban rabon abin daga maganganunsu ya fito. Soja yakan nemi a kawo ɗauki alhali babu wani tsarin kawo ɗaukin, ɗan wasa ya tarar da wasu sojojin a gaba ya ɗauka su aka kira. Wayon da ɗan wasa bai ji ba bai gani ba, a wurinsa sa'a ce kawai ta kwamfuta. Ina kira ga matasanmu su naɗi waɗannan muryoyin da Hausa da Larabcin Hijaz, waya da ɗaki mai labule sun isa. "Ya shige bayan katanga!" "Ku rufa min, zan ɗura!" "Ku bi ta hagu!" "Saje ya faɗi!" A naɗi kowace jimla iri 4 ko 5 da muryoyi daban-daban, kada a maimaita iri ɗaya cikin sakan 20, kuma kowace ta fita ne kawai idan abin da ta faɗa yana faruwa da gaske a lissafin.

Tsoro ma yana cikin wayo. Close Combat ya shigo da wannan tun 1996, sojojinsa sukan firgita su ƙi bin umarni, Company of Heroes na 2006 kuma ya sa ruwan harsasai yana kwantar da rukuni har ya kasa motsi. A ba kowane soja ƙarfin zuciya 100. Harsashin da ya wuce cikin mita 2 ya rage 4, mutuwar ɗan'uwa a gabansa 20, mutuwar saje 30, harbi daga gefe 15. Ya riƙa dawowa 3 a sakan idan yana mafaka, 5 idan saje na kusa. Ƙasa da 60 kuskuren saitinsa ya ninka, ƙasa da 35 ya kasa ɗaga kai, ƙasa da 15 ya ja da baya ko ya miƙa wuya. A sa iyaka, kada ya rasa fiye da 25 cikin sakan ɗaya, in ba haka ba gurneti ɗaya zai tarwatsa rukuni duka kamar an busa usur. Ja da bayan kuma ya zama da wurin zuwa, layi na biyu a mita 60 zuwa 100, da hayaƙi, da mutum ɗaya mai rufa musu baya. Rukunin da ya janye da mutum biyar ya haɗu da wani ya fi haɗari sau da yawa a kan wanda ya tsaya aka ƙarar da shi. Akwai kuma wani dalili da ya dame ni. A cikinmu akwai masu dangi a Sudan, inda ake yaƙi tun Afrilun 2023, akwai masu dangi a Borno da Zamfara. Wasan da sojansa ke jin tsoro, yake jan ɗan'uwansa da ya ji rauni, yake ɗaga hannu kuma a hukunta wanda ya harbe shi bayan ya ɗaga, ya fi kusa da gaskiya, ya kuma fi dacewa a sa a gaban ƙannenmu.

A saman rukunoni akwai kwamanda, kuma babban ciwonsa shi ne turo sojoji ɗai-ɗai. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya nuna a 1916 cewa a faɗan bindiga ƙarfin runduna yana tafiya da adadinta an ninka shi da kansa. Mutum 10 da mutum 5 masu gwaninta ɗaya, idan suka gwabza har ƙarshe, a lissafi mutum 8 zuwa 9 za su rage a bangaren goman. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai yawan ya iso tare. Don haka kwamanda ya tara mutanensa a wurin da ba a gani har su kai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da yake zaton yana gabansa, ya ajiye kashi ɗaya cikin uku a baya don kai ɗauki. Yana iya koyon halin ɗan wasa ta hanyar da ake gani, kamar yadda Metal Gear Solid V na 2015 ya yi: mai yawan harbin kai zai tarar da sojoji da hular kwano, mai yawan zuwa da dare ya tarar da masu tabarau na dare.

Duk wannan yana cin ƙarfin kwamfuta. Wasan da ke nuna hoto 60 a sakan yana da kashi 16.7 cikin 1,000 na sakan ga kowane hoto, abin da za a iya ware wa tunanin sojoji bai wuce 2 zuwa 3 ba. Sojoji 40 masu jan layi uku a kowane hoto layi 7,200 ke nan a sakan kan ɗan wasa ɗaya kawai. Idan kowanne ya duba sau 5 a sakan, kuma aka rarraba su kada su duba a hoto ɗaya, ya koma 600, kuma ba wanda zai lura. Na nesa da mita 300 su yi tunani sau ɗaya a sakan. A Arma 3 saba tana sabunta lissafinta ne sau 50 a sakan idan ba a canja ba, kuma idan ta faɗo ƙasa da 20 sojoji sukan yi nauyin amsawa, shi ya sa ƙara yawansu ke mayar da su dolaye. Rukunoni 5 masu lafiya sun fi 15 masu jan ƙafa. Idan dole sai da yawa, a sa wata kwamfutar ta ɗauki nauyin sojojin, wasan ya tanadi hanyar yin haka. Mu da ke Hijaz kuma muna da ƙarin matsala: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yakan rage gudunsa da kansa idan ya doshi digiri 95 zuwa 100, laftof a ɗakin da na'urar sanyaya ta yi rauni a watan Yuli kuwa ba ya daɗewa kafin ya kai nan. A yi gwajin bayan minti 30 da kunnawa, domin sakamakon mintunan farko yaudara ne.

Wasu za su ce me ya sa ba za a bar ƙirƙirarriyar basira ta koyi abin da kanta ba. A 2019 AlphaStar na kamfanin DeepMind ya kai matakin da ya fi kashi 99.8 cikin 100 na masu buga StarCraft II a hukumance, amma sai da aka shafe makonni ana horar da shi a kan injinan Google na musamman. Ko da kana da kuɗin, abin da aka horar don ya ci nasara ba ya damuwa ko ka gane abin da ya kashe ka, kuma idan ya yi shirme ba ka da layin da za ka buɗe ka gyara. Ga ƙaramin rukunin masu ƙira, bishiyar ɗabi'u, wato jerin sharuɗɗa masu rassa da soja ke bi ya zaɓi abin da zai yi, irin wadda Halo 2 na 2004 ya yaɗa, tare da ba da maki kamar yadda na nuna, ta wadatar.

Matakan wahala kuma a gina su da ɗabi'a. A mataki mai sauƙi, babu zagaye, labari ya ɗauki ninki biyu na lokacinsa, gurneti sai bayan sakan 25. A na tsakiya, zagaye ta gefe ɗaya. A mai tsanani, ta gefe biyu, da kwanton ɓauna a hanyar da ɗan wasa ya bi a baya, da ɗaukin da ke isowa cikin minti 2. Saiti ya kasance kusan ɗaya a duka ukun.

Wajen gwaji, a zana komai a allo tukuna: kusurwar gani, da'irar shakka, makin kowane wuri a samansa, layin hanyar masu zagaye. Yawancin kurakuran da na lissafa da ido ake kama su cikin minti goma. A canja lamba ɗaya kawai a kowane gwaji, a rubuta ta. Sannan a zaunar da mutum biyar da ba su taɓa ganin fagen ba, duk wanda ya mutu a tambaye shi abin da ya kashe shi, daga ina, da abin da zai canja idan ya sake. A ma'aunina, idan fiye da mutuwa ɗaya cikin biyar ba ta da amsa, to ido ko saitin sojojin yana maguɗi a wani wuri, a koma can kafin a taɓa wani abu. Idan kuma duk sun ba da amsa ɗaya kuma ta yi musu aiki a karo na biyu da na uku, rukunin yana da hanya ɗaya ce tak, a ƙara masa zaɓi, misali kashi 60 ya bi gefen da ya fi maki, kashi 30 ɗaya gefen, kashi 10 ya janye ya jira ɗan wasa ya biyo shi.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne jaridar nan ta ware ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, inda masu haɗa fagen fama da masu rubuta wasanni daga Jidda da Kano da Yamai da Kasala ta Sudan za su riƙa kawo lambobin da suka gwada da abin da ya biyo baya, da Hausa, domin na baya su samu abin ɗorawa a kai.

Wassalam.

Naka,
Mai koyar da rubuta manhaja,
Jidda, Saudiyya.